Murjani a Cikin Ɗaki: Yadda Dokokin Kiwonsa Suka Riƙa Tsufa

Mu da muka tashi a Nijar, nesa da gaɓar teku, murjanin da muka sani shi ne na wuyan iyayenmu mata, jajayen duwatsun da ayari ya riƙa kawowa daga Turabulus ta hanyar Agadas. Kaɗan daga cikinmu suka san cewa ƙashin wata ƙaramar dabbar ruwa ce. Masanan Turai ma sun daɗe cikin wannan duhu. A 1706 wani masani ɗan Italiya, Marsigli, ya sanar cewa ya ga furannin murjani, saboda haka tsiro ne. Bayan shekara kusan 20 wani likita ɗan Faransa, Peyssonnel, ya ce abin da ake kira fure dabba ce mai motsi. Da aka gabatar da bayaninsa a majalisar masana kimiyya ta Faris, sai aka ɓoye sunansa don kada a yi masa dariya. Shi ne mai gaskiya.

Na kawo wannan ne domin na yi shekaru ina kiwon murjanin ruwan ɗumi a akwatin gilashi, dangin wancan jan na ado, irin wanda yake gina tsaunuka a ƙarƙashin teku. Duk wanda ya shiga wannan sha'awa, dokoki ake fara tarbarsa da su: yi kaza, kada ka kuskura ka yi kaza. Da na bi tarihinsu ɗaya bayan ɗaya, sai na ga kusan kowace doka an haife ta ne don maganin wata matsala, a wani gari, da kayan aikin wani zamani. Matsalar takan wuce, kayan aikin su canza, dokar kuwa ta ci gaba da yawo daga baki zuwa baki.

A 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta ɗebo ƙananan murjani daga gaɓar Torquay ta kai su gidanta a Landan. Ba ta da famfo, ba ta da wutar lantarki. Sai ta sa mai aikinta ta riƙa shiƙar ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga, kamar rabin awa ko fiye kowace rana, don iska ta shige shi. Ta haka dabbobin suka rayu kusan shekara 3. A 1850 masanin haɗa sinadarai Robert Warington ya wallafa bayanin cewa tsiro da dabba suna ciyar da juna a cikin ruwa: tsiro ya ba da oksijin, dabba ta ba da iskar da tsiro yake buƙata. A 1853 aka buɗe gidan kifi a gandun namun daji na Landan, a 1854 kuma littafin Philip Henry Gosse ya fito, ya sa rabin masu hali na Ingila suka so teku a falonsu.

Nan aka samu doka ta farko, wadda ake kira daidaito: in ka zuba tsiro daidai da yawan dabba, ruwanka ba ya buƙatar komai. Shekara kusan 100 ana maimaita ta a littattafai, ko da yake masu kula da manyan gidajen kifi irin su William Alford Lloyd sun riga sun koma ga famfo da juya ruwa. Sai a 1949 James Atz na gidan kifin New York ya rubuta ƙarara cewa tatsuniya ce. Mafi yawan oksijin ta saman ruwa yake shiga, inda ruwa ya haɗu da iska, kuma da dare tsiron kansa shaƙar oksijin yake yi. Ashe aikin mai shiƙar ruwan nan ta bakin taga ya fi bayanin malamai kusa da gaskiya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen sama suka fara kai kifin teku Amurka da Turai, sai aka koma ɗaya gefen. Sabuwar dokar ita ce tsafta tsantsa. A jiƙa ƙasusuwan murjani a ruwan bilic har su yi fari fat, a kankare duk gansakukar da ta fito, kada a bari wani abu mai rai daga teku ya shiga sai kifin da aka saya. Akwai dalili: masu kiwo suna tsoron cuta, kuma sukan zuba maganin jan ƙarfe, wanda yake kashe duk wata dabba marar ƙashin baya. A 1961 wani mutumin Jakarta, Lee Chin Eng, ya rubuta a wata mujallar Amurka cewa shi dutse yake ɗebowa daga teku da duk abin da ke manne a jikinsa, ya zuba ruwan teku, ya sa ɗan kumfan iska, ya bar hasken rana ya yi sauran aikin. Mutane da yawa suka gwada a ƙasashen sanyi suka kasa, aka ce hanyarsa ba ta aiki. Abin da aka manta shi ne dutsensa daga teku zuwa gida tafiyar awoyi ce, nasu kuwa sai ya yi kwanaki a hanya, ya iso da matattun halittu suna ruɓewa.

Jamusawa ne suka dawo da maganarsa. A shekarun 1970 Peter Wilkens da ƙungiyar masu kiwo ta birnin Balin suka haɗa abu huɗu: dutse mai rai irin na Eng, fitila mai ƙarfi, na'urar kumfa mai tsame datti kafin ya ruɓe, da ruwan farar ƙasa da ake ɗigawa don mayar da kalsiyam ɗin da murjani yake zuƙa ya gina ƙashinsa. A lokacin maganar da ta zauna a bakin kowa ita ce murjani mai rassa, wanda ake kira Acropora, ba ya rayuwa a wajen teku. Wajen 1980 sai ga shi ya tsiro daga jikin wani dutse a akwatin Dietrich Stüber a Balin. Ya girma har sai an karya rassansa, aka riƙa rarraba su ga abokai, kuma zuriyarsa tana nan a akwatunan mutane har yau.

Mai karatu zai zaci daga nan an huta. A 1986 George Smit ya gabatar wa Amurkawa da salon Holan, inda ruwa yake tsiyaya ta cikin akwati cike da ƙwallayen roba, aka ce duk wanda ba shi da wannan matata bai fara ba. Gaskiya ne tana saurin mayar da amoniya, gubar da ke fita daga jikin kifi, ta zama naitiret. Amma a nan aikinta yake tsayawa, domin ƙwayoyin bakteriyar da suke kawar da naitiret wurin da babu iska suke so, kamar can cikin ramukan dutse. Naitiret ya riƙa taruwa, gansakuka ta lulluɓe murjani. Kafin shekarun 1990 su ƙare, masu ba da shawara sun koma cewa a kwashe ƙwallayen. Wanda ya sayi na'urar da tsada shi ya kwana ciki.

A daidai wannan zamani Jean Jaubert a Monako yana raya murjani da yashi mai kauri wanda aka bar masa fili a ƙarƙashi, Walter Adey kuma a Washinton yana tace ruwa da gansakukar da yake nomawa da gangan a kan raga. Kowanne ya samu mabiya da suka rantse hanyar malaminsu ce kaɗai. Babban gidan murjani na Townsville a Ostareliya, da aka buɗe a 1987, da hanyar Adey ya fara, daga baya ya cire ta ya koma ga na'urar kumfa. Abin da ya yi aiki a akwati ɗaya bai zama dole ya yi a wani ba, musamman in girmansu da yawan dabbobinsu sun bambanta.

Har sunayen ƙwayoyin da ake jingina komai a kansu sun canza. Shekara da shekaru littattafai suna koyar da cewa Nitrosomonas da Nitrobacter ne suke tsabtace ruwa, ana ma sayar da su a kwalba. A 1998 binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa ya nuna cewa a akwatunan ruwan daɗi wata ce dabam, Nitrospira, take yin rabin aikin na biyu. A 2005 kuma aka ware wata halitta mai cin amoniya wadda ba ma bakteriya ba ce, daga tsakuwar wani akwati a gidan kifi na Seattle. Ruwa ya daɗe yana tsabtata kansa da ma'aikatan da ba a san sunansu ba.

Dokar da na tarar ana yayi ita ce a mayar da naitiret da fosfet sifili, wai ruwan tsaunukan murjani ba shi da su. Masu faɗin haka sun manta cewa murjanin teku yana kamun ƙananan halittu dare da rana, na akwati kuwa ba shi da wannan gata. A cikin tsokar murjani akwai ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya, su suke sarrafa hasken rana su ciyar da shi, kuma su ma taki suke so. Binciken Jörg Wiedenmann na jami'ar Southampton, da ya fito a 2013, ya nuna cewa in fosfet ya yi ƙaranci alhali naitiret yana da yawa, murjani ya fi saurin korar waɗannan tsirrai ya yi fari in zafi ko haske ya ƙaru. Yau akwai masu zuba fosfet da hannunsu a akwatunan da a da suke kashe kuɗi wajen cire shi.

Sai maganar tafarnuwa, wadda ake cewa tana maganin cutar fararen ɗigo a jikin kifi. Ƙwayar cutar takan yi kwana 3 zuwa 7 a jikin kifi, ta faɗi ƙasa da kanta, ta rufe jikinta ta rarrabu ɗaruruwa, sannan 'ya'yan su fito neman kifi. Mai kiwo ya zuba tafarnuwa ranar Litinin, ranar Juma'a ya ga ɗigon ya ɓace, sai ya fita yana ba da shaida. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Tun a shekarun 1980 Angelo Colorni a Eilat, bakin Bahar Maliya, ya nuna cewa in ana sauya wa kifi mazubi mai tsabta duk bayan kwana 3, ana yanke wa cutar hanya ba tare da magani ba.

Da a ce kuɗi kawai ake asara, da ban damu na rubuta wannan ba. Ɗan Gosse, Edmund, ya rubuta a 1907 yana baƙin cikin yadda masu tsince-tsince suka ƙarar da halittun gaɓar Ingila, wanda littafin mahaifinsa ya taimaka wajen jawowa. Daga shekarun 1960 masunta a Filifin suka fara fesa gubar sayanaid a ramukan murjani don kama kifin ado da rai, gubar tana kashe murjanin, kifin ma da yawa ba sa daɗewa. Ciyawar ruwan nan Caulerpa, wadda aka yi ta yabo a matsayin mai tsotse datti, an ganta a 1984 a teku ƙarƙashin gidan tarihin teku na Monako, fili bai wuce murabba'in mita ɗaya ba. Zuwa ƙarshen shekara ta 2000 ta mamaye dubban hektoci a ƙasashe 6 na Bahar Rum. Duk lokacin da muguwar shawara ta kashe abin da ke akwatin wani, can a teku ake sake ɗebo wani.

Ba na cewa sabon shiga ya toshe kunnensa, domin akwai abubuwan da shekara 170 ba su girgiza ba. Gishiri ya zauna kusa da giram 35 a lita, zafi wajen digiri 25 zuwa 26, ruwa ya riƙa motsi, a mayar da kalsiyam da abin da ke tafiya tare da shi, a keɓe sabon kifi kafin a haɗa shi da sauran, kuma kada a canza komai da gaggawa. Waɗannan sun tsaya domin ana iya auna su, kuma daga jikin dabbar aka koyo su. Da irin wannan lura Jamie Craggs ya sa Acropora ya zuba ƙwai a gidan tarihi na Horniman a Landan a 2013, bayan ya kwaikwayi zafin ruwa, tsawon yini da hasken wata na asalin mazauninsa. Yanzu masu ƙoƙarin farfaɗo da tsaunukan murjani a Filorida da Ostareliya suna amfani da dabarar.

Ni dai idan aka ba ni doka, nakan tambayi wa ya fara faɗinta, a wace shekara, wace matsala yake gudu, kuma me ya auna kafin ya faɗa. Sau da yawa mai ba da shawarar bai taɓa jin sunan Eng ko Wilkens ba, daga wani ya ji, shi ma daga wani. In an rasa amsa, sai in gwada abu ɗaya tak, in bar sauran yadda suke, in rubuta kwanan wata da abin da ma'auni ya nuna a littafina, in jira mako shida kafin in ce komai.