Daga Kufena Zuwa Ƙasan Teku: Tarihin Dutsen Da Zariya Take Zaune A Kai

Tsakanin ganuwar birnin Zariya da gaɓar teku mafi kusa akwai tazarar fiye da kilomita 600, birnin kuma yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 600 daga saman ruwan teku, saboda haka ba laifi ba ne idan Bazazzagi ya ɗauki zancen ƙasan teku a matsayin abin da bai shafe shi ba. Sai dai masana jiyoloji, wato ilimin duwatsu da tarihin ƙasa, sun nuna cewa dutsen da birnin yake zaune a kai ya samu ne lokacin da wani tsohon teku ya rufe, kuma layukan karaya da suka keta shi dangin waɗanda suke kwance yau a ƙarƙashin Mashigin Gini ne. Abin da ake nufi da karaya a wannan fanni shi ne tsagar da ta ratsa dutse har ɓangarorinta biyu suka goce wa juna, saɓanin tsaga ta zalla wadda dutse ya dare amma bai motsa ba.

Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce akwai teku tsakanin tsohon dunƙulen ƙasar Afirka ta Yamma, wanda a yau yake ɗauke da Gana da Burkina Faso da Mali, da wasu guntayen ƙasa da ke gabas da shi. A hankali ƙasan wannan teku ya riƙa nutsewa ƙarƙashin ɓangaren gabas har ruwan ya ƙare, ƙasashen biyu suka yi karo, aka samu jerin tsaunuka da ya taso daga Hoggar a kudancin Aljeriya, ya bi ta Abzin da Nijeriya, ya zarce zuwa abin da a yau ya zama arewa maso gabashin Burazil, domin a lokacin babu Tekun Atilantika. Masanin Birtaniya W. Q. Kennedy ne ya raɗa wa wannan lamari sunan Fan-Afirka a 1964. Tsaunukan sun daɗe da zaizayewa, abin da ya rage saiwoyinsu ne, kuma a kan waɗannan saiwoyi Zariya take. Galibin dutsen tushen yankin nau'i biyu ne, akwai nayis, mai ratsi-ratsi fari da baƙi saboda matsi da zafin da ya sha, akwai kuma giranit, wanda narkakken dutse ne da ya kutsa cikin nayis ɗin ya huce a hankali a can ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya duba falalen Kufena da kyau zai ga shaidar wannan jinkiri, domin jikin dutsen cike yake da manyan ƙwayoyi masu kusurwa, farare ko masu ɗan ja, wasu sun kai gaɓar babban yatsa, a tsakaninsu kuma ga ƙanƙara mai kama da gilashi da baƙin ƙyalli mai ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ƙwaya ba ta girma haka sai narkakken dutse ya ɗauki dubban shekaru kafin ya daskare.

Fitowar Kufena da Madarkaci fili aikin ruwa ne. A ƙasa mai zafi da damina ruwan sama yana bin tsagogin dutse ya ruɓar da shi, farar ƙwayar nan ta koma yumɓu, ƙanƙarar ta koma yashi, ruɓewar ta yi zurfi inda tsagogi suka yi yawa, ta taƙaita inda dutsen ya kasance dunƙule guda. Da zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen, sai dunƙulen da ruwa bai sami ƙofar shiga ba ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili, Kufena a yamma da birni, Madarkaci a cikin ganuwa. Sinadarin ƙarfen da ya fita daga ruɓaɓɓen dutsen kuma ya taru kusa da sama ya sandare ya zama marmara, jan dutsen nan mai huji-huji da ake gani a bakin kwari da gefen hanya, daga cikinta ne masu narka ƙarfe suka sami tama. Tonon da J. E. G. Sutton da abokan aikinsa suka yi a Samaru ta Yamma a shekarun 1970 ya fito da burbushin murhun narka tama waɗanda gwajin gawayinsu ya mayar da su cikin shekaru dubu na farko na Miladiyya, wato tun kafin a san da masarautar Zazzau da sunanta.

Abdullahi Smith, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya ja hankali a 1970 ga yadda manyan garuruwan ƙasar Hausa suka tsiro a gindin duwatsu irin su Dala da Turunku da Kufena, ya kuma danganta haka da abubuwa da dama, ciki har da tsaro da albarkar ƙasa da imanin mutanen da cewa duwatsun mazaunin iskoki ne. Bayanin masana duwatsu bai ci karo da nasa ba, ƙari ma yake yi masa, domin falalen dutse ba ya shan ruwa, duk ruwan da ya sauka a kansa gangarowa yake ya taru a gindi, don haka nan ne ƙasa ta fi riƙe laima, nan ne rijiya ta fi saurin kawo ruwa. Labaran gargajiya na Zazzau suna cewa daga Turunku, kudu da Zariya, sarauta ta ƙaura zuwa Kufena a zamanin Bakwa Turunku, suna kuma jingina ginin ganuwoyi ga Amina, wadda Tarihin Kano ya sa ta a ƙarni na 15 yayin da jerin sarakunan Zazzau yake kai ta ƙarni na 16. Ko wanne aka ɗauka, shimfiɗar ganuwoyin ta nuna abin da maginansu suka nufa, domin akwai tsohuwar ganuwa ta waje da ta rungumo Kufena, akwai kuma ta birnin yanzu mai ƙofofi irin su Doka da Kuyambana da Gayan da Kona da Bai da Jatau, wadda ta bar Kufena a waje ta riƙe Madarkaci a ciki.

Ganuwar da gidajen da take kewaye da su daga wannan ruɓaɓɓen dutse aka yi su, kuma shaidar haka ita ce kududdufan da suka cika unguwannin birni, waɗanda kowannensu ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne. Magini yana neman jar ƙasa mai ɗan burji, domin yumɓu zalla tsagewa yake idan ya bushe, yashi zalla kuma ba ya kama jiki, a jiƙa ta, a tattake ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai a shanya a rana. Ana jera tubalan a tsaye, tsini sama, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya tashi da kauri a ƙasa yana sirancewa yana hawa. Sauran kayan daga itace da sana'o'in maƙwabta suke zuwa, azara daga giginya saboda gara ba ta cinta, makuba daga kwasfar ɗorawa, laso daga katsin marina. Ƙololuwar wannan sana'a ita ce Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, inda aka ɗaga rufi da bakan gizo, wato ginshiƙan ƙasa masu lanƙwasa da azara a cikinsu. An lulluɓe ginin da sabon masallaci na siminti a shekarun 1970, a ranar 11 ga Agusta 2023 kuma wani sashe ya rufta a kan masallata ana sallar La'asar, aka rasa rayuka.

Nazarin dutsen a rubuce ya fara ne da binciken ma'adinai na Turawan mulki, wanda J. D. Falconer ya tattara sakamakonsa a littafin da ya fitar a 1911, kuma shi ne ya raba giranit ɗin Arewa gida biyu, tsoho irin na Zariya da ƙarami irin na Jos da Riruwai mai ɗauke da kuza. An kafa hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya a 1919, amma taswirar yankin Zariya filla-filla ta jira kafuwar Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, inda J. B. Wright da Patricia McCurry suka bi duwatsun da ƙafa, suka kuma yi amfani da hotunan jirgin sama. Wani abin da ya fito fili a aikin McCurry shi ne cewa bayan karon ya lafa, dutsen ya karairaye ta fuskoki biyu masu gicciye juna, ɗaya daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, ɗaya daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Mafi shahara cikin na farkon ita ce karayar Kalangai, a yamma da Zariya wajen Birnin Gwari, wadda wasu masana suke haɗa ta da layin da ya bi ta Zungeru ya gangara Ifewara a ƙasar Yarbawa.

A daidai waɗannan shekaru ne ake gano fasalin ƙasan Atilantika. Taswirorin da Marie Tharp da Bruce Heezen suka zana daga ma'aunin zurfi na jiragen ruwa sun nuna jerin tsaunuka a tsakiyar tekun, inda sabon dutse yake ɓullowa yana ture Afirka da Amurka ta Kudu da 'yan santimita a shekara, sun kuma nuna cewa jerin ba miƙaƙƙe ba ne, an daddatse shi da dogayen kwaruruka masu gicciye shi. J. Tuzo Wilson ya bayyana a 1965 cewa waɗannan kwaruruka layukan karaya ne inda faifan ƙasa biyu, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya masu motsi, suke gogar juna gefe da gefe. A yankin da ke fuskantar Afirka ta Yamma manyansu su ne Sen Pol da Romanche da Chain da Charcot, biyu na tsakiyar sun sami suna daga jiragen binciken da suka auna su. Romanche kaɗai ta gusar da jerin tsaunukan da kimanin kilomita 900, zurfin kwarinta kuma ya haura mita 7,700. Tabonta ya miƙe har gaɓar Gana, na Chain da Charcot kuma sun shige ƙarƙashin bakin kogin Neja, suna fuskantar Kwarin Binuwai, wanda shi kansa reshe ne na tsagewar da ta raba nahiyoyin biyu sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, reshen da ya fara buɗewa, teku ya shiga, sannan ya tsaya.

Wajen haɗa abin da ke ƙasan teku da abin da ke kan tudu, Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello, ta taka rawa. Wright ya kawo hujja a 1976 cewa layukan karayar teku sun fara ne daga tsofaffin karayar da ke cikin dutsen Nijeriya, sannan Deborah Ajakaiye, wadda ta yi digirinta na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta kuma koyar a can, ta fitar tare da abokan aikinta a mujallar Nature a 1986 da nazarin ma'aunin maganaɗisu da aka ɗauka daga jirgin sama, wanda ya nuna layuka a ciki da kewayen Kwarin Binuwai masu bin fuska ɗaya da na tekun. A nan akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a rahotannin jaridu, inda ake cewa karayar teku ce ta kutso cikin ƙasar Nijeriya, alhali lissafin shekaru bai yarda da haka ba, domin karayar tudu ta girmi Atilantika da ɗaruruwan miliyoyin shekaru, uwa kuwa ba ta gadon kama daga ɗiyarta. Abin da ya fi dacewa da hujja shi ne cewa da nahiyar ta tashi darewa, sai ta bi inda ta riga ta yi rauni. Haka kuma daidaituwar fuska ba ta isa ta tabbatar da cewa layi ɗaya ne ba yankewa daga tsakiyar teku har Birnin Gwari, kuma a kan wannan masana ba su gama jayayya ba.

Tsohuwar karaya takan motsa, kamar yadda wanda aka taɓa yi wa ɗori yake jin ƙashinsa da sanyin hunturu. Akara, wadda take inda karayar Akwapim ta haɗu da wata da ke bin gaɓar teku, ta sha girgizar ƙasa a 1862 da 1906, ta ranar 22 ga Yuni 1939 kuma, mai ƙarfin kusan 6.5, ta kashe mutum 17. A Nijeriya abin bai taɓa kai haka ba, amma an ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi da ke kudancin Jihar Kaduna a Satumba 2016, da Mpape a Abuja a Satumba 2018, kuma cibiyar da ke Toro a Jihar Bauci ita ce take lura da na'urorin auna girgiza na ƙasar. Zariya tana tsakiyar faifan Afirka, nesa da bakinsa, don haka abin da yake cin ginin ƙasa a birnin ruwan Agusta ne da rashin yaɓe.

Inda mutumin birni yake haɗuwa da tsagogin dutsen kullum shi ne wajen neman ruwa. Giranit da nayis ba su da ƙofofin da ruwa zai zauna a jikinsu, sai a ruɓaɓɓen saman da rijiyoyin gida suke tsayawa a ciki, wanda yake ja baya da bazara, sai kuma a cikin tsagogin da ke ƙasa da shi. Wannan ne ya sa rijiyar burtsatse takan yi ambaliya a wani gida, ta maƙwabcinsa mai zurfi ɗaya ta fito da ƙura, shi ya sa kuma masu haƙa na ƙwarai suke fara kafa ƙarafa a ƙasa su tura lantarki su auna inda ya fi saurin wucewa, domin jiƙaƙƙiyar tsaga ta fi busasshen dutse ɗaukar wuta. Ruwan da bai nutse ba, daga cikin kimanin milimita 1,000 da ke sauka a shekara, yana kwasar jar ƙasar ganuwa da yashin Kufena ya bi Kubanni da Saye da Galma zuwa kogin Kaduna, daga nan zuwa Neja. A bakin teku wannan laka, tare da ta sauran ƙasashen da kogin ya ratsa, ta taru har kaurinta ya kai kimanin kilomita 12 a wasu wurare, nauyinta kuma yana sa ta zame wa kanta ta haifar da wani sabon nau'in karaya mai lanƙwasa, wanda yake girma yayin da laka take ƙaruwa a kansa. A jikin irin waɗannan layuka ne man fetur ya maƙale, ciki har da wanda aka fara samu a Oloibiri a 1956.