Kwatanta makarantu tsakanin ƙananan hukumomi: misalin Yola da Jimeta

A Amurka ana auna makarantun gwamnati ne gunduma-gunduma, domin kaso mai yawa na kuɗinsu yana fitowa daga harajin gidaje da filaye na yankin, abin da ke sa unguwar masu hali ta fi ta talakawa samun kuɗi. A Najeriya, abin da ya fi kusa da wannan gunduma shi ne Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma. Jihar Adamawa na da ƙananan hukumomi 21, kuma babban birninta ya rabu biyu: Yola ta Arewa, wato Jimeta, da Yola ta Kudu, inda mazaɓar Bako take.

Ta fuskar kuɗi, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC. Rabin wannan kuɗi tallafi ne da ake raba wa jihohi daidai wa daida, ba tare da duba yawan ɗalibai ba, kuma jiha ba ta karɓa sai ta ajiye nata kason. Hukumar ADSUBEB ce ke tsara inda za a gina azuzuwa, yayin da aka saba cire albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi. Saboda haka mai son sanin abin da ake kashe wa yaro ɗaya a Bako sai ya haɗa alƙaluma daga wurare uku. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara wa batun albashin nauyi.

Yawan jama'a ya fi komai ruɗar da mai kwatance. A ƙidayar 2006 kowace daga cikin biyun tana da mutum kusan dubu 200, amma kamar ta tsaya nan. Jimeta gari ce a cunkushe mai makarantun kuɗi birjik. Yola ta Kudu kuwa ta haɗa tsohon gari da yankuna irin su Namtari da Ngurore, inda nisan makaranta da aikin gona ke shafar zuwan yara. Ga kuma dubban iyalai da suka gudo daga Madagali da Michika da Mubi a 2014, waɗanda wasunsu suka zauna a Malkohi, ba kuma sa cikin waccan ƙidaya. Yaro da yawa kan shiga aji ɗaya da Fulfulde a baki, ya tarar da Hausa da Turanci.

Sakamakon WAEC da NECO galibi jiha-jiha ake tattauna shi, kuma yana nuna waɗanda suka kai ƙarshen sakandare ne kaɗai. Ƙidayar makarantu ta shekara-shekara ta fi amfani a nan, domin tana nuna yawan ɗalibai ga malami ɗaya, yawan 'yan mata, da adadin azuzuwan da ake iya zama a cikinsu.