Daga Awartaki Zuwa Wayar Haƙori: Yadda Sana'armu Ta Samo Amsoshinta

Duk wanda ya daɗe yana aiki a sashen haƙori ya san tambayoyin da ake shigowa da su ba su da yawa, masu yin su ne kawai ke sauyawa. "Likita, tsutsa ce ke cin sa?" "Da zafi?" "Don Allah a cire kawai in huta." "Wannan wayar har yaushe za ta zauna a bakin yarinyar nan?" Ban taɓa ɗaukar waɗannan tambayoyi a matsayin jahilci ba. Kowacce tana da asali, domin an yi zamanin da tsoron da ke cikinta gaskiya ne. Amsar da muke bayarwa yau cikin minti biyu, wasu sun ƙarar da rayuwarsu kafin a same ta, kuma mai ciwo yana da haƙƙin ya san daga ina ta fito.

Tsutsa ce ke cin sa?

Wannan ita ce tambaya mafi tsufa. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun rubuta labarin tsutsar haƙori a kan allunan yumɓu dubban shekaru da suka wuce, kuma Turawa sun ci gaba da yarda da ita har ƙarni na 18. Ba abin mamaki ba ne, domin wanda ya ga kogo a haƙori ya san yadda gara ke cin itace, dole ya zargi wata halitta. Likitan Faransa Pierre Fauchard, wanda muke ɗauka uban wannan sana'a a zamanance, ya yi watsi da batun tsutsa a littafinsa na 1728, ya kuma ɗora laifi a kan sukari. Cikakken bayani sai a 1890 ya zo daga Willoughby Miller, Ba'amurke mai aiki a Balin ta Jamus. Ya jiƙa haƙoran da aka cire cikin yawu da burodi, ya nuna cewa ƙwayoyin cuta da ke baki suna mayar da abinci mai zaƙi ya koma tsami, tsamin kuma shi ke narkar da ɓawon haƙori sannu a hankali.

Daga nan ne shawarar da muke ba iyaye ta samo tushe. Yawan lokutan da zaƙi ke taɓa haƙori ya fi yawan zaƙin kansa illa. Yaron da ke tsotsar alewa daga safe zuwa la'asar, ko jaririn da ake kwantarwa da bulumboti mai sukari a baki, haƙoransa ba sa samun hutun da yawu zai gyara ɓarnar da aka yi.

Rigakafin ma yana da nasa labarin. A 1901 wani matashin likita, Frederick McKay, ya tarar da mutanen Kolorado a Amurka da haƙora masu tabon ruwan ƙasa, amma kuma ba sa kogo kamar sauran jama'a. Sai a 1931 aka gano sinadarin fuloraid ne a ruwan shansu. A 1945 garin Grand Rapids ya fara zuba ɗan kaɗan a ruwan famfo, daga baya ya shiga makilin. Mu a nan mun san ɗaya fuskar tasa: a Langtang ta jihar Filato yawansa a ruwa ya rina haƙoran mutane, a Tibiri ta jihar Maraɗi kuwa ruwan burtsatse mai yawan fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara. Shi ya sa muke cewa a sa wa ɗan ƙasa da shekara uku makilin kamar ƙwayar shinkafa, wanda ya haura haka kamar ƙwayar wake, a kuma koya masa tofarwa.

Da zafi?

Kafin 1844 amsar ita ce eh, zafi mai tsanani, kuma gwanin cire haƙori shi ne mai sauri. A Turai ma masu aski ne ke wannan aiki, kamar yadda wanzamai suka riƙe shi a ƙasar Hausa da awartakinsu. A watan Disamba na 1844 likitan haƙori Horace Wells ya shaƙi wata iska mai gusar da jin zafi, ya sa abokin aikinsa ya cire masa haƙori, bai ji komai ba. Da ya je nuna wa ɗaliban likita a Boston, wanda ake cire wa ya yi ƙara, aka yi masa ihu. Bayan shekara biyu, a 1846, tsohon abokin sana'arsa William Morton ya sa wani majiyyaci barci da wani sinadari daban mai suna ita (ether) a gaban likitoci a garin, aka yi masa fiɗa lafiya. Duk wanda aka taɓa yi wa tiyata bai ji wuƙa ba, likitocin haƙori ne suka buɗe masa wannan ƙofa, kuma muna alfahari da hakan.

Allurar da muke yi a dasashi ta zo daga baya. An fara da hodar iblis a 1884, aka sauya ta da Novocain a 1905, sannan aka haɗa lidoken a Suwidin a 1943, wanda shi ne har yau a teburinmu. Abin da nake gaya wa mai tsoro shi ne, zai ji tsinin allura, zai ji ana dannawa, amma ba zai ji zafi ba. Inda allura ke gardama shi ne wurin da ya riga ya kumbura ya yi mugunya. Wato jinkirin da tsoro ya jawo shi ke haifar da zafin da ake tsoro.

A cire kawai in huta

Rabin tarihin sana'armu ƙoƙari ne na ƙin amsa wannan roƙo. Tun a Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1013, ya zana kayan kankare dattin da ke daskarewa a gindin haƙori, ya bayyana yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinari, ya kuma gargaɗi masu gaggawar cirewa. Hoton cikin haƙori na farko an ɗauke shi a Jamus a 1896, kuma Otto Walkhoff ya kwanta minti 25 kafin hoton ya fito. Injin huda haƙori mai aiki da iska ya zo a 1957. Da waɗannan ne aka iya yin ciko mai kyau, aka iya kwashe jijiyar da ta ruɓe, a wanke saiwa a toshe, haƙori ya ci gaba da tauna.

Dalilin ƙin cirewa a fili yake. Giɓi ba ya zama yadda aka bar shi: maƙwabta su kwanto cikinsa, abokin taunarsa ya zubo, abinci ya samu maƙale. Akwai dashen haƙori, wanda Per-Ingvar Brånemark na Suwidin ya fara yi wa mutum a 1965 bayan ya gano ƙashi yana manne wa ƙarfen taitaniyam, amma yana da tsada, kuma bai kai na Allah ba. In kuwa cirewa ta zama dole, cire haƙorin sama ba ya taɓa gani, jijiyarsa daban take da ta ido. Haka wankin haƙori ba ya sa girgiɗi. Dattin da ya daskare ne ya riga ya cinye dasashi da ƙashi, da aka kankare shi sai ɓarnar ta bayyana. Abin da ke kai mutum gadon asibiti shi ne ruwan batir, fetur da ƙwayar asfirin da ake cusawa a kogo, su ƙone dasashi, ciwon kuma ya gangara ƙarƙashin haɓa har ya toshe numfashi.

Har yaushe wayar za ta zauna?

Nan ne aka fi tambaya a 'yan shekarun nan, musamman iyaye mata da 'yan mata. Fauchard ya yi amfani da wani ƙarfe mai lanƙwasa yana ɗaure haƙora a jikinsa, amma wanda ya mayar da jera haƙora fanni mai zaman kansa shi ne Edward Angle. A 1899 ya kasa karkacewar haƙora kashi uku bisa yadda turmin farko na sama ke haɗuwa da na ƙasa, kuma har gobe da wannan ma'auni muke rubuta katin majiyyaci. Ya buɗe makarantarsa a 1900, a 1928 kuma ya fito da tsarin da kowane haƙori ke da ɗan ƙarfensa mai tsagi inda waya ke ratsawa.

Angle ya haƙiƙance cewa ba a cire lafiyayyen haƙori don a jera sauran. Ɗalibinsa Charles Tweed ya bi wannan koyarwa, ya ga haƙoran mutane da yawa suna komawa yadda suke, sai ya sake yi musu aiki bayan ya cire haƙora huɗu, ya gabatar da sakamakon a shekarun 1940. An yi ta gardama, har yau ma ba ta mutu ba. Don haka in uwa ta ce, "Likita, ya za a cire wa 'yata haƙori mai lafiya?" na san tana kan ra'ayin wanda ya kafa fannin ne. Amsar da aka tsaya a kai ita ce, muƙamuƙi ne ke yanke hukunci: in akwai fili ko ana iya samar da shi, ba a cirewa, in babu, tilasta haƙora su jeru yakan tura su waje da ƙashi.

A da, kowane haƙori sai an sa masa zoben ƙarfe. Binciken Michael Buonocore na 1955, wanda ya nuna yadda ake sa abu ya manne wa ɓawon haƙori, shi ya kai ga 'yan ƙananan ƙarafan da ake liƙawa yanzu. A shekarun 1970 aka shigo da waya ta nikel da taitaniyam, mai komawa siffarta ta asali tana jan haƙori a hankali. Robar da ba a gani, irin ta Invisalign, ta shiga kasuwa a 1999.

Duk da wannan ci gaba, ba a iya gaggauta jiki. Haƙori yana zaune ne cikin ƙashi, wasu siraran zaruruwa na riƙe da shi. In aka tura shi da ƙarfi kaɗan mai ɗorewa, ƙashin da ke gabansa ya narke, sabo ya tsiro a bayansa. Tafiyar ba ta wuce kimanin milimita ɗaya a wata. Shi ya sa aikin kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci fiye, tare da zuwa asibiti duk bayan mako huɗu zuwa takwas. In aka matsa da ƙarfi don a gama da wuri, saiwa ce ke gajarcewa. Bayan an cire waya kuma sai an riƙa sa marikin da ke hana haƙora komawa, galibi da dare, na tsawon shekaru.

Babba ma ana yi masa, muddin dasashinsa lafiya yake. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka muke so a kawo yaro a duba shi yana shekara bakwai, lokacin da muƙamuƙi ke girma. A shekara shida turmin farko na dindindin ke fitowa a can baya ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye su ɗauka na nono ne, su bar shi ya ruɓe. Haƙoran nono 20 su ke riƙe wa na manya wuri, cire su da wuri shi ke kawo cunkoso. Wushirya kuwa ado ce a wurinmu, kuma likitan kirki ba zai matsa wa mai ita ya rufe ta ba. Abin da nake roƙon 'yan mata su guje wa shi ne wayar gayu da ake liƙawa a shagunan kwalliya. Tana motsa haƙori kamar ta gaske, ba hoto, ba lissafi, ba mai sa ido.

Inda muke a yau

Makarantar likitan haƙori ta farko a Nijeriya an buɗe ta a Jami'ar Legas a 1966, Badun, Ife da Benin suka biyo baya a shekarun 1970. Arewa ba ta samu tata ba sai bayan shekarar 2000, a Maiduguri da Kano. Shekara shida ɗalibi ke yi a jami'a, mai son ƙwarewa a jera haƙora kuma ya ƙara wasu shekarun a asibitin koyarwa. Wannan jinkiri shi ya sa har yanzu ƙwararru suka taru a manyan birane, mutumin ƙauye kuma wanzami ya fi kusa da shi. Mafi munin shaidar wannan rashi ita ce cutar noma, wadda ke farawa da gyambon dasashi a bakin yaro mai tamowa, ta cinye kumatu cikin kwanaki. Tun 1999 akwai asibitinta a Sakkwato, a Damagaram ma akwai cibiyar kula da masu ita, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Uwar da ta saba buɗe bakin ɗanta ta duba, da ma'aikacin ɗakin shan magani da ya san alamar farko, su ne ke tare ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai araha.

Muna da gado mai kyau da za mu ɗora a kai. Al'ummar da addininta ya kwaɗaitar da ita yin asuwaki a kowace alwala ba baƙuwar tsabtar baki ba ce. Asuwaki yana aiki in an bi da shi kowane lungu, a haɗa shi da makilin mai fuloraid safe da dare. Abin da ya rage shi ne mu sauya lokacin zuwa asibiti. Duk abin da aka gano tun daga Azzahrawi, an gano shi ne don a ceci haƙori, kuma ba ya amfanar wanda ya zo bayan kumatu ya kumbura. A zo a duba ko sau ɗaya a shekara, a kawo yara tun ba su ce wayyo ba, a kuma yi mana duk tambayar da ke rai, domin amsa ta na cikin aikin da aka horar da mu a kai.