Daga Allo Zuwa Midil a Ƙasar Kunci

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, karatu da rubutu ba baƙi ba ne a ƙasar Kunci. Da wuya ka sami unguwar da ba malami mai almajirai a zaure. Yaro yakan fara da babbaƙu, watau sanin haruffa tsirara, sa'an nan farfaru, inda a kan sa musu wasali. In ya yi nisa sai ya kama alƙalamin kara da tawada, ya riƙa rubuta allonsa da kansa. Wanda ya kai nan yana iya rubuta wasiƙa da ajami.

Boko kuwa daga birni ya fito. A 1909 wani Bature, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. Ya fara da manyan malamai da 'ya'yan sarakuna, da Hausa kuma ya koyar da su. A hankali En'e ta riƙa gina elementare a garuruwan hakimai. Mutanen ƙauye ba su yi marhabin da ita ba, gama a ƙasar da gona ke haɗe da gona, yaro ɗaya fartanya ɗaya ne, ga kuma tsoron kada a ɓata masa addini. In hakimi ya ce a kawo yara, sau da yawa mai hali yakan ɓoye ɗansa ya tura ɗan baransa. Da yawa sun yi da-na-sani daga baya, sa'ad da ɗan baran ya komo da littafin haraji a hammata.

To, ga yadda karatun yake tafiya a wancan zamani. Elementare aji huɗu ce, duk da Hausa. Yaron da ya taɓa allo yakan shiga da rabin aikin a hannu, don ya riga ya san baƙi yana da murya, wasali kuma shi ke motsa shi. Wahalarsa ta hannu ce. Ya saba farawa daga dama, yanzu an ce ya faro daga hagu, sai ka ga b da d suna yi masa wasan ɓuya. A aji ɗaya a ƙasa a kan fara zane da yatsa, kana a koma kan sileti, ana rera ba, be, bi, bo, bu, har gaɓa ta haɗu da gaɓa ta zama kalma. Aji biyu da uku na shifta ne, malam yana faɗa yara suna rubutawa. Sai a aji huɗu a kan ce yaro ya yi insha'i, watau ya rubuta abin da ke ransa. Nan ne tudun yake. Duk wanda ya taɓa karanta takardun da mutane ke aikowa ofis ya san mai kyakkyawan hannu yana da yawa, amma mai iya shirya magana ta fita sarai kaɗan ne.

Wata matsala kuma, wadda ni a ganina ta fi sauran girma, ita ce rashin abin karantawa. Yaro ya iya haɗa baƙi, ya koma gida, ba takardar da zai gani sai rasit na haraji ko na jangali, damina biyu sai karatun ya zube. Don maganin wannan Ofishin Talifi na Zariya, ƙarƙashin Dokta East, ya sa gasar rubuta labarai a 1933. Daga ita aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce ta biyo baya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fita a Janairu 1939. A cikin shekarun nan ne aka tsai da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, don a bambanta baƙi da baki. Daga nan yaro ya sami dalilin buɗe littafi ba don tsoron bulala ba.

Midil kuwa sai 'yan ƙalilan da suka ci jarrabawa. Yaron Kunci da ya yi sa'a sai ya ɗaure ɗan akwatinsa ya nufi Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa daga baya, ya kwana can ya tashi can. A nan Turanci ke karɓe ragama sannu a hankali, har lissafi da labarin ƙasa su koma cikinsa. Yakan tarad da harshen da ba a rubuta shi yadda a ke faɗarsa, shi da ya saba da Hausa mai faɗi ɗaya rubutu ɗaya. Kamar ya koma babbaƙu ne karo na uku. Masu ƙwazo sukan wuce Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938. Malam Aminu Kano ta wannan hanya ya bi, daga Shahuci zuwa Midil zuwa Kaduna. Sauran kuwa sukan zama malaman haraji, ko na kotu, ko na asibiti.

A shekarun 1950 aka sake tsari, sunan Midil ya kau, aka raba aikinta tsakanin babbar firamare da sakandare. A lokacin ne kuma aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu suka zo da kansu da yamma, bayan an taso daga gona, suka zauna gindin bishiya suna ba, be, bi.