Finafinan Almara na Ƙasar Sin da Zuwansu Ƙasar Hausa

Finafinan almara na ƙasar Sin su ne waɗanda ake ganin mutum ya tashi sama da takobi a hannu, ko yanyawa ta rikiɗe ta zama budurwa, ko gawa ta miƙe tana tsalle. Masu kallo a Arewacin Nijeriya sukan haɗa su da na faɗa zalla, su kira su duka Chainis. Ba kasafai masu shirya su ke ƙirƙiro duniyar da babu ita ba. Sukan ɗauko daular da aka yi, ko malamin da ya rayu, ko ginin da har yau yana tsaye, sannan su zuba aljanu a kai.

Wannan ɗabi'a ta girmi silima da ɗaruruwan shekaru. Wajen shekarar 629 wani malamin addinin Buda mai suna Xuanzang ya bar birnin Chang'an, wato Xi'an ta yau, ya nufi Indiya neman ilimi. Ya dawo a 645 da littattafai 657. Tafiya ce ta gaske, kuma an rubuta bayanin ƙasashen da ya ratsa. Amma bakin masu ba da labari bai bar ta haka ba. Zuwa 1592, lokacin da aka buga littafin Xiyou Ji mai babi 100 wanda ake jingina wa Wu Cheng'en, malamin ya zama ɗan rakiya a cikin labarinsa. Tauraron shi ne birin nan Sun Wukong mai rikiɗa iri 72. Tushe na biyu shi ne Pu Songling (1640–1715), wanda ya sha faɗuwa a jarrabawar shiga aikin gwamnati, ya ƙare da koyarwa a gidan masu hali. Ya tara gajerun labarai kusan 500 na fatalwa da aljanu, kuma sau da yawa yakan ambaci garin da abin ya auku da sunan wanda ya same shi, kamar mai rubuta rahoto.

An ɗauki fim na farko a Sin a Beijing a 1905, amma a Shanghai almarar ta samu gindin zama. A 1927 Dan Duyu ya yi fim a kan aljanun gizo-gizo na labarin Xuanzang. An ɗauka ya ɓace, sai a 2011 aka tsinci kwafinsa a ɗakin karatu na ƙasar Norway. A 1928 kamfanin Mingxing ya fara sakin labarin ƙona wani gidan bauta da ake kira Red Lotus, wanda Zhang Shichuan ya ba da umarni. Kashi bayan kashi aka yi ta yi har tsawonsa ya kai kimanin awa 27. A nan aka fara rataye 'yan wasa da waya don su yi kamar suna shawagi, ana kuma zana hasken tsafi da hannu a jikin fim ɗin. Kasuwa ta buɗe, kamfanoni suka yi ca. An riƙa ba da labarin samarin da suka bar gida suka hau duwatsu neman malamin da zai koya musu tashi sama. Gwamnatin Kuomintang ta ce camfi ake cusa wa jama'a, ta haramta irin waɗannan finafinai a 1931. Ko kashi ɗaya na wannan dogon fim bai saura ba.

Bayan 1949 gwamnatin gurguzu ta ƙara tsanani a kan camfi. Birin dai ya tsira ta hanyar zane mai motsi, domin ana iya fassara shi a matsayin mai tawaye ga sarakuna. Wan Laiming ya yi fim ɗin hargitsin da ya tayar a fadar sama, kashi biyu, a 1961 da 1964. Sauran sana'ar ta ƙaura Hong Kong da Taiwan, inda kamfanin Shaw Brothers ya zama uban tafiya. A Touch of Zen na King Hu, wanda aka ɗauko daga wani labarin Pu Songling, ya ci lambar yabo a bikin Cannes a 1975.

Babu inda gaskiya da ƙari suka cakuɗe kamar a kan Wong Fei-hung. Mutum ne na gaske, an haife shi a 1847, ya rasu a 1925, mai maganin gargajiya ne kuma malamin faɗa, yana da shagon magani mai suna Po Chi Lam a Guangzhou. Abin da aka tabbatar na rayuwarsa kaɗan ne. Daga 1949 ɗan wasa Kwan Tak-hing ya fito a matsayinsa a finafinai fiye da 70, dattijo mai haƙuri da horon almajirai. A 1978 Jackie Chan ya mai da shi yaro marar jin magana a Drunken Master. A 1991 Jet Li ya mai da shi mai kishin ƙasa da ke yaƙi a kan tsani yana bugun mutane a sararin sama. Mai maganin da kansa da wuya ya gane ko ɗaya daga cikinsu. Labarin Shaolin kuwa juyawa ya yi. Gidan bautar yana lardin Henan tun wajen 495, kuma akwai rubutun dutse da ke shaida cewa mazaunansa sun taimaki wani yarima mai suna Li Shimin a yaƙi a 621. Lokacin da aka ɗauki wani fim na Jet Li a can, wanda ya fito a 1982, wurin ya lalace, 'yan tsirarun tsofaffi ne suka rage. Fim ɗin ya jawo masu yawon buɗe ido da makarantun koyon faɗa suka cika garin Dengfeng. A nan fim ne ya sake gina abin da ya kwaikwaya.

A Arewacin Nijeriya, gidajen silima da akasari 'yan Labanan suka mallaka ne suka kawo su. An buɗe Rex a Kano a 1937, amma sai a shekarun 1970, zamanin Bruce Lee, Chainis ya kama. Bai taɓa ƙwace wa Indiya sarauta ba. Masanin nan Brian Larkin, da ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa a mako dare biyar na Indiya ne, ɗaya na Hong Kong, ɗaya na Amurka. Mata da ma'abota soyayya na wajen Indiya, samari da yara kuwa na jiran ranar da akta zai gamu da bos. Zuwan kaset ɗin bidiyo da kasuwarsa ta Ƙofar Wambai ya kai finafinan garuruwa da ƙauyuka, aka yi ta buɗe gidajen kallo masu benci da janareta. Gari irin Minna, wanda jirgin ƙasa ya raya kuma ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976, ya tara Gbagyi da Nufawa da Hausawa da Yarbawa da Ibo. Fim ɗin da ake fahimta ba tare da jin yarensa ba ya dace da irin wannan taro.

Akwai kuma dalilin da ya fi yare zurfi. Mai kallon da ya san 'yan tauri da layar zana da baduhu ba sai an yi masa bayanin jarumin da takobi ba ya cinsa ba. A Mr. Vampire na 1985, boka kan manna rubutacciyar takarda a goshin gawa ta tsaya cak, kuma ba wani yaro a unguwannin Kpakungu ko Limawa na Minna da zai tambayi dalili. Hatta ginin labarin ba baƙo ba ne a Jihar Neja. Ganɗoki na Bello Kagara, cikin littattafan gasar rubutun Hausa ta 1933, ya fara ne da yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa, abin da ya faru a idon mutane, sannan ya wuce da jarumin ƙasashen aljanu. Ƙanensa Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, daga Kwantagora ya tayar da matafiyin littafinsa Ruwan Bagaja. Hanyar da aka bi da Xuanzang ke nan, ba tare da wani ya kwaikwayi wani ba.

A cikin Sin kanta takaddama da hukuma ba ta ƙare ba. Masu tace finafinai ba sa son fatalwa, don haka a Painted Skin na 2008 aka mai da fatalwar Pu Songling aljanar yanyawa, wasu finafinan kuma sukan ƙare da cewa mafarki ne ko taɓin hankali. A 2011 hukumar ta ja kunne a kan labaran komawa zamanin da, tana cewa suna wasa da tarihi. Duk da haka almara ce ke kawo kuɗi. Ne Zha 2 na 2025, wanda ya samo asali daga littafin da aka gina kan faɗuwar daular Shang wajen 1046 kafin Miladiyya, ya tara fiye da dala biliyan 2.

Yanzu yawancin masu kallo da Hausa suke jin su. Rediyon Sin yana da sashen Hausa tun 1963, kuma a 2013 aka nuna shirin Beijing Love Story da muryoyin Hausa. Kamfanin StarTimes, wanda ya shigo Nijeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, yana da tashar Hausa mai suna Daɗin Kowa. Amma fassarar da ta fi shiga unguwanni ita ce ta ɗakunan ɗora murya na Kano irin su Algaita. Da finafinan Indiya sana'ar ta yi suna, daga baya ta haɗa da na Sin da Koriya da Turkiyya. Masu fassarar ba sa bin magana kalma da kalma, sukan ƙara barkwanci da karin magana irin na gida, kuma a shagunan masu turi ake loda wa mutum dogon zango kacokan a wayarsa.