Tarihin Kukis: Yadda Shafukan Intanet Suka Koyi Gane Baƙonsu

Ka buɗe wani shafi don karanta sakamakon wasan ƙwallon jiya, kafin ka kai layi na biyu sai ga wani akwati ya tare ka, yana tambayar ko ka amince da kukis. Yawancinmu ba ma tsayawa karantawa, latsa "na yarda" kawai muke yi mu wuce. To wai shin mene ne muke ta yarda da shi haka kullum? Amsar tana cikin wani tarihi da ya soma shekaru fiye da 30 da suka wuce.

Lokacin da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, tsakanin 1989 da 1991, manufarsa ita ce masana su riƙa musayar takardu. Burauzarka ta nemi shafi, kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wato uwar garke, ta turo mata, shi ke nan magana ta ƙare. In ka sake neman wani shafin bayan daƙiƙa biyu, kallon sabon baƙo za ta yi maka. Ga mai karatu kawai, wannan mantuwa ba ta da illa. Amma ga ciniki matsala ce babba. Ka ɗauka ka shiga kanti ka zaɓi shadda, ka juya ka zaɓi hula, da ka waiwayo mai kantin ya manta da kai da shaddar gaba ɗaya.

Wanda ya warware wannan ƙulli wani matashin injiniya ne a kamfanin Netscape na Amurka mai suna Lou Montulli, a shekarar 1994, yana ɗan shekara 23. A lokacin kamfanin yana haɗa wa kamfanin sadarwa na MCI manhajar ciniki, ana buƙatar kwandon sayayya da zai riƙe abin da mutum ya zaɓa. Akwai masu ganin a ba kowace burauza lamba ɗaya tak da kowane shafi zai gane ta da ita. Montulli bai yarda da hakan ba, domin zai sa a iya bin sawun mutum duk inda ya shiga. Sai ya kawo wata dabara: shafi ya miƙa wa burauza ɗan gajeren rubutu ta ajiye, duk lokacin da ta dawo wannan shafin ta nuna masa. Sunan kuwa ya aro shi ne daga wata tsohuwar kalmar masu rubuta manhajar Unix, duk da cewa a Turancin yau da kullum kalmar tana nufin wani nau'in biskit.

Wanda ya taɓa zuwa asibitin gwamnati zai gane tsarin nan take. Ana ba ka ƙaramin kati mai lamba ka tafi da shi gida, babban fayil ɗinka kuma yana can a ajiye. Ranar da ka dawo, katin za ka nuna a ciro fayil. Haka kuki yake. Girmansa ba ya wuce kimanin kilobait 4, sau da yawa lamba ce kawai a ciki, kuma rubutu ne zalla, ba ya iya buɗe hotunanka ko karanta saƙonninka. Da shi ne shafi ke tuna cewa ka riga ka shigar da kalmar sirri, ko ka zaɓi Hausa a matsayin harshe. Ƙa'idar da aka gindaya ita ce wanda ya ba da kati shi kaɗai zai iya karanta shi.

Kukis sun fito a burauzar Netscape ta watan Oktoban 1994, Internet Explorer ta bi sahu a 1995. Ba a tambayi kowa ba, ba a kuma sanar da masu amfani ba. Sai a ranar 12 ga Fabrairun 1996, da jaridar Financial Times ta buga labari a kai, jama'a suka farga cewa shafuka suna ajiye abu a kwamfutocinsu.

'Yan talla kuwa suka gano wata kafa. Shafin da kake gani ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba: labarin daga gidan jarida, hoton tallan da ke gefe kuma daga kwamfutar wani kamfani daban. Shi ma wannan kamfanin yana da ikon ba ka nasa katin. Idan yana da talla a shafuka dubu, to zai gane ka a duka dubun. Kamar dillali ne da ke da ɗan leƙen asiri a kowace rumfa ta kasuwa, yana rubuta inda ka tsaya da abin da ka taya. Waɗannan su ake kira kukis na ɓangare na uku, kuma su ne suka dawo da ainihin abin da Montulli ya guje wa ta bayan gida.

Injiniyoyi sun hango haɗarin. A Fabrairun 1997, David Kristol da Montulli suka fitar da ƙa'idar kukis ta farko a hukumance, mai lamba RFC 2109, wadda ta nemi burauza ta toshe irin waɗannan kukis sai in mai ita ya buɗe da kansa. Netscape da Microsoft duk suka yi biris da wannan sashe. Kuɗin talla ne ke riƙe da shafukan kyauta, kuma ba wanda ya so ya zama na farko wajen toshe famfon.

Rikicin ya fito fili a kan kamfanin talla na DoubleClick. A 1999 ya sayi Abacus Direct, kamfanin da ke da sunaye da adireshin miliyoyin Amurkawa masu sayen kaya ta gidan waya. Shirinsa shi ne ya haɗa lambar kuki da sunan mutum na gaskiya. Jama'a suka yi caa, hukumar kula da ciniki ta Amurka ta soma bincike, a Maris na 2000 kamfanin ya janye shirin. Amma kasuwar ba ta mutu ba: a 2007 Google ya sanar da sayen DoubleClick kan dala biliyan 3.1.

Akwatin nan da ke tare ka kuwa daga Turai ya samo asali. Tarayyar Turai ta yi dokar sirrin sadarwa a 2002, ta gyara ta a 2009 inda ta wajabta neman izini kafin a ajiye kukin da ba dole ba ne. Dokar GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta ƙara tsaurara ma'anar izinin. A 2019 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa akwatin da aka riga aka yi maka alamar amincewa a ciki ba izini ba ne. A farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da tarar yuro miliyan 150 ga Google da miliyan 60 ga Facebook, saboda sun sa yarda ta zama latsi ɗaya, ƙin yarda kuma sai an sha zagaye. Najeriya ma ta samu dokar kare bayanai a Yunin 2023, wadda ta tanadi cewa mutum yana da 'yancin janye izinin da ya bayar.

Su ma masu burauza sun rabu biyu. Firefox ta soma toshe kukis masu bin sawu kai tsaye a 2019, Safari ta toshe na ɓangare na uku gaba ɗaya a 2020. Google ya yi alkawari a Janairun 2020 cewa zai cire su daga Chrome cikin shekara biyu, ya yi ta ɗage rana, daga ƙarshe a Yulin 2024 ya ce ya fasa. Tunda Chrome ce burauzar da ke zuwa a yawancin wayoyin Android da muke riƙewa, aikin ya dawo hannunmu ke nan.

Abin yi ba shi da wahala. Shiga saitin burauzarka, ɓangaren sirri da tsaro, ka kunna toshe kukis na ɓangare na uku. Idan akwatin izini ya fito, nemi maɓallin ƙin yarda ko na "masu muhimmanci kawai", yawancin shafuka za su buɗe duk da haka. Kada ka toshe kukis duka, domin ba za ka iya shiga imel ko asusunka ba. In ka yi amfani da wayar wani ko kwamfutar kafe, ka fita daga asusunka sannan ka goge kukis, don duk wanda ya tsinci katin zai iya shiga da sunanka ba tare da kalmar sirri ba. Ka kuma sani cewa goge kukis ba ya ɓatar da kai gaba ɗaya, saboda wasu kamfanoni suna gane na'ura ta hanyar haɗa girman allonta, harshenta da irin manhajarta.

Gobe in akwatin ya sake tare ka, ɗan dakata na daƙiƙa biyar ka duba sunayen kamfanonin da ke neman ba ka kati. Wani lokaci za ka tarar sun haura ɗari a shafi guda.