Inshorar Mota a Najeriya: Doka Tun 1945, Diyya Har Yau Sai An Nema

A shekarar 1945 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar da ta tilasta wa duk mai mota a Najeriya yin inshora, dokar kuma ta fara aiki a 1950. An ɗauko tsarinta ne daga dokar hanya ta Birtaniya ta 1930. Manufarta a fili take: idan mota ta kaɗe mutum ya rasu ko ya naƙasa, kada iyalinsa su rataya ga aljihun direba, wanda sau da yawa shi ma talaka ne. Kamfanin inshora ne zai biya diyya.

A hankali wannan manufa ta ɓace. Takardar ta koma abin nuna wa ɗan sanda a shinge. Direba ya ba ɗan kamasho kuɗi, a miƙo masa takarda mai hatimi, ya ninke ta cikin takardun mota, alhali babu kamfanin da ya san da ita. Ranar da tsautsayi ya faɗa, dangi ne ke karo-karo a ƙofar asibiti, dattawa su shiga tsakani, a ce ƙaddara ce, a yafe. Yafiya alheri ce, amma idan takardar ta gaske ce, haƙƙin marayu na nan a wuyan kamfani.

An yi ta gyara. An kafa NAICOM, hukumar kula da harkar inshora, a 1997. Dokar inshora ta 2003 ta tanadi diyyar dukiyar da aka lalata har naira miliyan ɗaya, da asusun tallafa wa waɗanda mota marar inshora ko direban da ya tsere ya kaɗe. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta buɗe rumbun bayanai na NIID domin tantance takardar gaske da ta jabu. A 2013 aka fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, abin da ya sauƙaƙa wa masu shakkar halaccin inshora a addini. Daga Janairun 2023 kuɗin inshorar ƙaramar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar dukiya ta koma miliyan uku. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsaurara bincike a faɗin ƙasa.

Yawancin gyaran nan ya fi karkata ga karɓar kuɗi da kama direba. Abin da ya rage shi ne wanda aka kaɗe ya san yana da haƙƙi, ya san inda zai kai kukansa, a kuma biya shi kafin kuɗin magani ya cinye gonarsa.